Yadda ɗan ƙwallon unguwa zai gina ƙarfi da numfashi da abincin gidansu

Yawancin 'yan ƙwallon unguwa kullum suna fili, amma ba sa atisaye. Bayan La'asar a raba set, a buga har a kira Magariba, gobe ma haka. Wannan yana gyara ƙafa, yana koya wa mutum karanta wasa, sai dai ba ya gina ƙarfin da zai kare cinya da gwiwa. Numfashi ma ba ya ƙara shi yadda ake zato, domin a set duk wanda ya gaji tsayawa yake yi ya riƙe ƙugu. Shi ya sa da an shiga gasa, aka ce minti 90 a cikakken fili, za ka ga yaron da ake tsoro a unguwa ya fara haki tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, ko ya ɗiba da gudu sau ɗaya ya dafe bayan cinya ya zauna.

Wannan tsari na mako 8 ne, don mai sana'a ko ɗalibin da ba shi da kuɗin gidan motsa jiki. Lissafin da ke ciki na mai nauyin kilo 65 ne, kowa ya gyara daidai nasa. Da ƙwallon ƙafa zan riƙa misali, amma masu ƙwallon kwando da ƙwallon hannu da na raga duk zai yi musu. A fara shi wata biyu kafin gasa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: ka san jikin da za ka sa aiki

Ka je asibiti ko babban kemis a auna maka hawan jini da nauyi, ka kuma san rukunin jininka na sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne. Mai AS yana buga ƙwallo lafiya lau, amma shi ne ya fi kowa bukatar ruwa da hutu in ana tsananin zafi, kuma ba a tilasta masa gudun gwada juriya in ya ce jikinsa ya ƙi. Wanda ya taɓa suma a fili, ko ƙirjinsa yake ciwo in yana gudu, ko a danginsu akwai matashin da ya faɗi ya mutu ba ciwon komai, ya ga likita tukuna. Samuel Okwaraji, ɗan wasan Nijeriya, a tsakiyar wasa ya faɗi a filin Surulere da ke Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana karawa da Angola, kuma zuciya ce. Mai zazzaɓi ba ya atisaye, ko da koci zai yi fushi.

Mataki na biyu: ka raba makonka

A ce wasa ranar Lahadi ne. Litinin hutu, ko tafiyar ƙafa ta rabin awa. Talata aikin ƙarfi. Laraba aikin numfashi tare da ƙungiya. Alhamis ƙarfi karo na biyu, amma bai kai na Talata nauyi ba. Juma'a ƙwallo da gajerun gudu. Asabar taɓa ƙwallo kaɗan, minti 30 ya isa. Dokar da ke ƙarƙashin wannan rabo ɗaya ce: a bar kwana biyu tsakanin aiki mai nauyi da ranar wasa. Idan kai mai aikin gini ne ko dako ko tura ruwa, aikinka ma atisaye ne, ka rage na Alhamis ko ka bar shi gaba ɗaya.

Mataki na uku: ɗumama jiki

Abin da aka saba shi ne a zagaya fili sau biyu, a miƙe ƙafa a kan turken raga, sai a fara dukan gola. Akwai wanda ya fi wannan. Hukumar FIFA ta fitar da tsarin da ake kira 11+ a 2006, motsi 15 ne cikin minti 20, ba ya bukatar komai sai fili da ƙwallo da abin sa alama. An gwada shi a kan matasan gasar ƙananan ƙungiyoyi ta Legas, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100 a ƙungiyoyin da suka yi shi. Ke nan a irin filayenmu ma yana aiki.

Ga zubinsa. Minti 8 na sassarfa bibbiyu a tsakanin alamomi, ana buɗe ƙugu waje da ciki, ana zagaya abokin gudu, ana tsalle a haɗa kafaɗa a dira. Minti 10 na ƙarfi da tsayuwa a ƙafa ɗaya da tsalle. Minti 2 na gudu mai sauri da juyawa. A duk dira da duk juyawa, ido yana kan gwiwa: ta tsaya a saitin yatsun ƙafa, kada ta karkata ciki. Wannan karkatawar ce take tsinka jijiyar cikin gwiwa, raunin da ke ajiye ɗan wasa wata tara ko fiye, kuma 'yan mata sun fi maza kamuwa da shi. Da hunturu a ƙara minti 5 na sassarfa. Doguwar miƙewar da ake tsayawa cak a bar ta sai an tashi.

Mataki na huɗu: ƙarfi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Samari da yawa in sun ɗaga ƙarfe, ƙirji da damtse suke nema, saboda su ake gani a riga. Ƙwallo kuwa da cinya da ɗuwawu da ƙugu da sha-raɓa ake buga ta.

Kayan aikinka: jarka mai lita 20 ko 25, wadda in ta cika da ruwa kilo 20 ko 25 ke nan, sai jakar goyo da za ka zuba yashi, da benci ko dakali, da aboki ɗaya. Amfanin jarka shi ne kana iya ƙara nauyi lita-lita.

Ka fara da tsugunno. Ka rungume jarka a ƙirji, ƙafafu a faɗin kafaɗa, ka sauka a hankali har cinyarka ta yi daidai da ƙasa, diddige bai ɗaga ba, baya a miƙe, sannan ka taso da ƙarfi. Sau 8 zuwa 10, zagaye 3, hutun minti 2 tsakani. Makon farko rabin jarka. In ka ga kana yin 10 kuma da sauran ƙarfin yin uku ko huɗu, ka ƙara lita 2.

Bayan mako 3 jarkar za ta yi maka kaɗan. Sai ka koma ƙafa ɗaya: ka ɗora bayan ƙafa guda a kan benci a bayanka, ka tsugunna da ta gaba. Sau 8 kowace ƙafa, zagaye 3. A ganina wannan ya fi tsugunnon ƙafa biyu amfani ga ɗan ƙwallo, domin gudu da harbi da juyawa duk a kan ƙafa ɗaya ake yin su. Nan za ka gane cewa ƙafarka ta hagu da ta dama ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ka riƙa farawa da mai raunin.

Sai bayan cinya, inda aka fi jin ciwo a ƙwallon ƙafa. Tsokar nan tana yagewa ne lokacin da take miƙewa da ƙarfi a tsakiyar gudu, don haka a miƙe ake ƙarfafa ta. Ka durƙusa a kan tabarma ko kwali mai kauri, abokinka ya danne maka idon sawu da nauyinsa duka. Daga gwiwa zuwa kai jikinka ya zama sanda ɗaya, kada ka lanƙwasa ƙugu. Ka riƙa kifawa gaba sannu a hankali, kana birki da bayan cinya, har sai ka kasa riƙewa, ka tare ƙasa da tafin hannu, ka turo kanka ka dawo. Saukar ce aikin, ba dawowar ba. Ana kiran wannan motsi Nodik. An gwada shi a kan 'yan wasa 942 a Danmak, an kuma gwada a ƙungiyoyin da ba na ƙwararru ba a Holan, kuma da aka tattara binciken da aka yi a kansa a 2019, an ga yana rage raunin bayan cinya da kusan rabi.

Ka shige shi da sannu. Makon farko sau 5, zagaye 2, rana ɗaya tak. Mako na biyu sau 6, zagaye 2, kwana biyu. Daga nan ka riƙa ƙarawa har ka kai sau 8 zuwa 10, zagaye 3. Bayan karon farko cinyarka za ta yi tsami kwana biyu ko uku, har hawa babur zai yi maka wuya. Ba rauni ba ne, yana wucewa, amma shi ya sa ba a fara shi a makon babban wasa. In gasa ta kankama, sau ɗaya a mako ya isa ya riƙe abin da ka gina.

Matsematsi ma yana bukatar nasa, musamman ga masu doguwar ƙwallo da masu buga kwana. Ka kwanta a gefe ɗaya ka dogara da gwiwar hannu, ka ɗora gwiwar ƙafar sama a kan benci, ka ɗaga ƙugu har jikinka ya miƙe, ka riƙe daƙiƙa 15 zuwa 20. Zagaye 2 kowane gefe. In ya yi sauƙi ka matsa, ya zama idon sawu ne a kan bencin.

Ragowar ba su da wuyar bayani. Ɗaga diddige a bakin dakali da ƙafa ɗaya, sau 15, don sha-raɓa da agara. Kwanciya rub da ciki a ɗaga jiki a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, daƙiƙa 30 zuwa 45, don ciki da gadon baya. Tura ƙasa da hannu, da jan jiki sama a reshen bishiya ko ƙarfe, don kafaɗar da za ka kare ƙwallo da ita. Duka aikin bai wuce minti 45 ba.

Tsallen kwaɗo zagaye fili, wanda wasu masu horarwa suke so, horon makaranta ne, gwiwa kawai yake ci. Zancen cewa ɗaga nauyi yana hana yaro tsawo kuwa ba shi da tushe. Yaron da bai kai shekara 16 ba ya yi da nauyin jikinsa da jarka marar nauyi, babba yana kallonsa yana gyara masa.

Mataki na biyar: numfashi da gudu

Ƙwararren ɗan wasa yana cin kilomita 10 zuwa 12 a wasa, amma mafi yawansa tafiya ce da sassarfa, ana tsinka su da gajerun gudu masu zafi. Fita titi da asuba a yi ta sassarfa awa guda yana da amfani a mako biyun farko. Bayan nan ba ya kama da abin da wasa ke nema.

Ranar Laraba ka yi haka: gudu na minti 4 da ƙarfin da ba za ka iya magana ba sai kalma ɗaya ko biyu, sannan sassarfa ta minti 3, a maimaita sau 4. An gwada wannan a kan matasan 'yan ƙwallo a Norwe, sau biyu a mako har mako 8, nisan da suke ci a wasa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100. In yara sun ƙi gudu ba ƙwallo, koci ya raba su huɗu da huɗu a ƙaramin fili, minti 4 sau 4, da ƙwallaye a jibge a gefe don kada a tsaya in ɗaya ta fita.

Ranar Juma'a gudun tsere: mita 30, sau 6, da iyakar saurinka, ka dawo da tafiya ka huta minti 2. Wanda ya hana kansa hutun nan ba sauri yake koyo ba, gajiya yake tarawa.

Mataki na shida: abinci

Jiki yana ajiye kuzarin sitaci a tsoka da hanta kamar tankin babur, kuma wasan minti 90 yana kusan ƙarar da shi. Ƙafar da ta yi nauyi a minti na 70 sau da yawa ba rashin atisaye ba ne, tanki ne ya yi ƙasa. Ta wannan fuskar abincinmu ya dace da ƙwallo: tuwo, shinkafa, taliya, dankali, doya, fura, kunu, gurasa, waina. Ranar aiki mai nauyi rabin kwanonka ya zama irin waɗannan. Ranar hutu ka rage.

Inda muke da giɓi shi ne abinci mai gina tsoka, wato furotin. Mai atisayen ƙarfi yana bukatar kamar giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa, ga mai kilo 65 kusan giram 100 ke nan a rana. Koko da safe, garin kwaki da rana, tuwo da miyar kuka da dare ba za su kawo rabin wannan ba. Ga abin da za ka yi lissafi da shi: ƙwai ɗaya giram 6, kofin nono ko kindirmo kamar 8, kofin dafaffen wake kamar 13, cikin tafin hannu na gyaɗa kamar 7, nama ko kifi mai girman tafin hannu kamar 25. Awara da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi su ne rufin asirin mai ƙaramin ƙarfi, domin a kuɗi ɗaya furotin ɗinsu ya fi na tsire yawa.

Jiki ya fi amfana in an raba shi kashi uku ko huɗu a yini. Misali, da safe koko da ƙosai da ƙwai biyu. Da rana shinkafa da wake, a sa waken ya yi yawa, ba wanda ake nema da cokali ba. Bayan atisaye fura da nono. Da dare tuwo da kifi a miya, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli a gefe. Fura da nono bayan fili ba ta da na biyu, ga sitaci ga furotin ga ruwa a kwano ɗaya, a dai tabbatar da tsabtar nonon da ruwan da aka dama da shi. Ganye da 'ya'yan itace kullum, duk wanda yake yayi: lemu, mangwaro, kankana, gwanda, rama, alayyafo.

Garin furotin na gwangwani da ake tallatawa ba dole ba ne. Kuɗin gwangwani ɗaya zai saya maka ƙwai na makonni.

Mataki na bakwai: ruwa da zafi

A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yana kai digiri 40 ko ya wuce, kuma ƙarfe huɗu da rabi da ake take wasa ƙasa ba ta huce ba. In jiki ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo ɗaya da ɗan wani abu ga mai kilo 65, gudu da tunani duk suna raguwa. Ka sha ledar fiya wata ɗaya, rabin lita ke nan, awa biyu zuwa uku kafin wasa, ka kuma kurɓa a duk tsayawa. Fitsari shi ne ma'auninka: in ya yi fari-fari ka ƙoshi, in ya yi duhu kamar shayi kana bin jikinka bashi. Wanda yake da sikeli ya hau kafin wasa da bayansa, duk kilo ɗaya da ya ragu ya mayar da lita ɗaya da rabi a hankali cikin awannin da ke biye.

Mai yawan gumi, wanda rigarsa ke yin farin gishiri in ta bushe, ya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Masu shirya gasa kuma su sa hutun shan ruwa a wajen minti na 30 da na 75. A gasar cin kofin duniya ta 2014 an yi haka a wasan Holan da Meziko, balle filin makarantar firamare da ba inuwa. Ɗan wasan da ya fara tangaɗi ko surutai ko ya rikice, a fitar da shi nan take, a kai shi inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti.

Mataki na takwas: jajibiri da ranar wasa

Ranar jajibiri ka ƙara sitaci a kowane ci, ka kwanta da wuri. Barcin awa 7 zuwa 9 shi ne lokacin da tsoka ke gyaruwa, kuma gidan kallo da hirar majalisa su ne suka fi cinye shi. Ranar wasa babban cinka ya kasance awa 3 zuwa 4 kafin a take, in wasan na ƙarfe huɗu da rabi ne ka ci wajen ƙarfe ɗaya: shinkafa ko taliya da ɗan kifi ko ƙwai, mai kaɗan, yaji kaɗan. Ɗan wake da garau-garau mai mai da yaji ka bar su sai an dawo, suna daɗewa a ciki. Saura awa ɗaya, ayaba ko dabino uku. A hutun rabin lokaci ma haka, da ruwa. Kada ka gwada sabon abinci ko sabon takalmi a ranar.

Da azumi tsarin yana juyawa. Aikin ƙarfi da na numfashi su koma bayan buɗa baki da awa biyu, ko bayan Asham. In dole sai da rana, ya zama mara nauyi, dab da Magariba. A sahur a nemi abin da ke riƙe ciki, irin su tuwo da wake da ƙwai da kindirmo, ruwa kuma a riƙa shan sa kaɗan-kaɗan daga buɗa baki zuwa kwanciya, ba a ɗura lita biyu lokaci ɗaya da asuba ba. Watan ba na ƙara nauyin jarka ba ne, na riƙe abin da aka samu ne.

Abin da ba a sha

Tramadol ba ya ƙara ƙarfi, ɓoye ciwo da gajiya yake yi, yana jawo farfaɗiya, yana kama mutum. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024, don haka mai burin zuwa gwaji a babbar ƙungiya ya san da wannan. Maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen kafin wasa, a cikin zafi da ƙarancin ruwa, ƙoda suke wahalarwa. Lemon ƙara kuzari gwangwani biyu ko uku kafin a shiga fili bugun zuciya yake kawowa da rashin barci. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka da ake sayarwa a ɓoye suna taɓa hanta da zuciya da haihuwa.

In an ji ciwo

Targaɗen idon sawu shi ne na kullum a filayenmu masu ramuka da tsakuwa. A kwana biyun farko ba a gasawa da ruwan zafi, ba a murzawa da man zafi, ba a ja. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini, a ɗaure da bandeji ba matsewa sosai ba, a ɗaga ƙafar sama da ƙirji in an kwanta. Kumburi na sauka a fara motsa ta, a riƙa tsayuwa a kanta ita kaɗai, da farko ido buɗe, daga baya a rufe. Ba a komawa wasa sai an iya gudu da tsalle da juyawa a kanta ba ciwo, domin wanda ya taɓa targaɗe ya fi kowa saurin sake yi.

In ba ka iya taka ƙafar taku huɗu ba, ko ƙashin kansa ne ke ciwo in an danna, ko gwiwa ta yi ƙara ta kumbura nan da nan, a yi hoto a asibiti kafin a kai wa maɗori. Wanda aka yi karo da shi a ka, ya ga jiri ko ya yi amai ko ya manta ci nawa ake, ya gama wasa a ranar ko da ya rantse ya warke, kuma kada a bar shi ya kwana shi kaɗai.